Murfin ƙafar Impala 1964 yana ficewa: in bari a huda rim a ɗaure shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Chevrolet Impala ƙirar 1964, kuma ni 'yan'uwa suka damƙa wa kula da ita. Bara muka tayar da ita, muka sa mata sababbin tayoyi saboda na jikinta duk sun tsattsage. Tun daga nan murafan ƙafafunta suka hana ni sakat. Ɗaya ya fice a hanyar Zariya, ban ankara ba sai da na tsaya, na koma nema ban same shi ba. Ukun da suka rage kuwa juyawa suke yi a hankali a jikin rim, har na gaba na hagu ya lanƙwasa bawul ɗin taya. Mai gyaran jikin mota ya ce in kawo ya huda rim ɗin ya ɗaure su da sukuru, ko ya ɗan taɓa su da walda a wuce wurin. Wani kuma ya turo mini hoton murfi ɗaya, ya ce na asali ne daga Amurka. Tsorona biyu ne: kada in rasa sauran ukun, kada kuma a sayar mini da jabu. Ina mafita?

Mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kafin ka gama karanta wannan amsa, Malam, ka je ka cire ukun nan ka shigar da su ɗaki. Mota tana tafiya lafiya lau babu murfi. Bawul ɗin da ya lanƙwashe kuma a canza shi kafin motar ta sake hawa titi, ko da ba ya fitar da iska a yanzu, domin robar gindinsa ta riga ta ji rauni, kuma irinsa yana iya tsinkewa gaba ɗaya farat ɗaya.

Sai maganar huji da walda. A nan zan daɗe, domin kusan duk mai tsohuwar motar Amurka da murfinsa ya taɓa ficewa sai an ba shi wannan shawara, kuma ita ce ke jefa mutane cikin haɗari. Tushenta wani zato ne da ya zauna a kan masu gyara da yawa, cewa murfi ado ne kawai, in ya ƙi zama a tilasta masa. To murfin da ya yi shekara sittin a jikin mota bai faɗi ba, sai bayan an canza taya ya fara yawo, ba shi ne mai laifi ba. Labari yake ba ka cewa wani abu ya canza a ƙafar motar. Wanda ya ɗaure shi da sukuru bai gyara komai ba, ya rufe bakin mai ba shi labari ne kurum.

Ga abin da ke faruwa. Babban murfi irin na Impala, wanda ke rufe fuskar rim gaba ɗaya, ba noti ne ke riƙe shi ba. A bayansa akwai haƙora na ƙarfe jere a kewaye, su ne ke cizon cikin leɓen rim. Iyakar riƙonsa ke nan. Wannan dabara tana aiki ne muddin rim ɗin yana nan a zagayensa bai motsa ba. Motarka ta fito daga kamfani da tsohuwar taya mai saƙar gicciye, mai lamba irin 7.00-14, 7.50-14 ko 8.00-14 gwargwadon inji da jikin motar, ana hura mata iska wajen 24 a geji. Tayar radiyal, wadda zaren jikinta ke miƙe daga gefe zuwa gefe maimakon a gicciye, ba ta zama ruwan dare a motocin Amurka ba sai cikin shekarun 1970. Lincoln Continental Mark III ta 1970 ce motar Amurka ta farko da aka riƙa fitar da kowacce da ita kai tsaye daga kamfani. Tayar da ka saya bara kuwa radiyal ce, don ita ce a kasuwa. Radiyal ta fi kama kwalta, gefenta yana kumbura a inda ta taɓa ƙasa, iskarta ta fi yawa, 30 zuwa 35, kuma a kwana tana tura wa leɓen rim nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Sai rim ɗin ya riƙa ɗan lanƙwasawa yana komawa a kowane juyi. Ido ba ya gani, amma a gudun kilomita 100 taya mai girman taka tana juyawa fiye da sau 13 a daƙiƙa guda. Ka ɗauki kwanon sha mai murfi ka riƙa matsa gefensa kana saki, za ka ga murfin yana ɗagawa yana zamewa. Haka haƙoran nan suke saki suna sake kamawa, kowane karo a ɗan gaba kaɗan, har ramin bawul da ke jikin murfin ya iso kan bawul ya fara yankarsa. Ƙafafun gaba sun fi shan wahala domin su ke ɗauke da inji, su ke karɓar kwana. Shi ya sa na gabanka na hagu ya fara nunawa.

Wannan shi ne dalili mafi sauƙi. Akwai waɗanda suka fi shi muni, kuma alamarsu ɗaya ce da shi: rim da ya tsage, rim da ramin titi ya lanƙwasa, ramukan noti da suka buɗe, noti da ya kwance. Duk waɗannan suna sa murfi yawo. Mutumin da bai ɗaga motar a jak ba, bai cire ƙafa ya duba ba, ya ce maka a kawo injin huji, ta ina ya san wanne ne a ciki?

Yanzu ka dubi abin da hujin zai yi. Tayarka marar tif ce, rim ɗin kansa shi ne bangon da ke riƙe iska. In aka huda inda iska take, an buɗe mata hanya, kuma gam ko silikon da za a cusa ba ya jure zafin birki da girgiza. In aka huda leɓe, an raunana daidai wurin da ke lanƙwasawa sau 13 a daƙiƙa, kuma tsagewar ƙarfe daga bakin rami take farawa, musamman ramin da aka huda da hannu, mai kaifin baki. Sukurun da ya zarce kaɗan zai riƙa cin gindin taya daga inda ba ka gani. Murfin da kake neman ceto kuma ya tashi daga na asali ya koma mai huji, darajarsa ta zube, babu mai iya mayar da ita.

Walda ta fi haka muni nesa ba kusa ba. Ba a kai wuta jikin rim alhali taya tana kansa. Ba a yi, ko da an sace iskar, ko da an zare cikin bawul. Zafin yana bin ƙarfe ya shiga cikin robar, robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da iskar gas mai kamawa, matsi ya yi ta hauhawa da kansa bayan an kashe wutar. Tayar tana iya fashewa bayan mintuna, lokacin da mai waldar ya ajiye kayansa kowa ya matso yana duba aiki. Irin wannan fashewa tana kashe mutum. Kamfanonin taya sun daɗe suna gargaɗi a kanta, amma har gobe za ka ga ana yi a bakin titi, yara masu koyon aiki suna tsugune a gefe. Ko da an cire tayar tukuna, ƙarfen murfin bai kai kaurin milimita ɗaya ba, nan take zai ƙone ya canza launi ya karkace. Sannan ranar da ka yi faci a daji da dare, da me za ka kai ga notin da aka rufe da walda?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, har da masu ɗaurewa da waya ko igiyar roba mai haƙori. Duk abin da ya sa cire murfi ya zama aiki, ya sa an daina duba noti. Murfin da ke fita da sauƙi yana ba ka damar leƙawa, kuma in noti ya kwance ya faɗo cikinsa za ka ji yana ƙara kamar tsakuwa, ka tsaya. Wanda aka ɗaure tamau sai a yi shekara ba a buɗe ba. Waya kuma ba ta hana juyawa, jinkirta ta take yi, ranar da ta tsinke murfin ya tafi. Kada ka raina abin da ke tafiya ɗin: faifan ƙarfe ne mai kaifin baki, mai nauyi, da ya fita da gudun mota. Mai babur da ke bayanka, da yaron da ke talla a gefen titi, ba su san ka gaji motar daga mahaifinka ba. Hakkinsu yana wuyanka, yana wuyan wanda ya ba da shawarar. A Amurka ma a 1968 an taɓa yin dokar da ta hana fitar da sababbin motoci da murfi mai fikafikai masu fitowa waje, saboda raunin da suke yi wa mutane. Mai sana'a da bai san abu ba, babu kunya ya ce a kai wa wanda ya sani. Abin kunya shi ne ya kunna wuta a jikin taya don kada a ce bai iya ba.

To me za a yi? A bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kuma a fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Bayan an canza bawul, ka mayar da murfi biyu a gaba, ka ja layi da alli daga bakin murfi zuwa jikin taya, ka zaga cikin unguwa a hankali kamar kilomita 10, da kwanoni hagu da dama. Ka duba ko layin ya rabu. Sai ka musanya su, na hagu ya koma dama, ka sake. In yawon ya bi murfin, haƙoransa ne suka gaji. In ya tsaya a ƙafa ɗaya ko wane murfi aka sa, matsalar tana rim ko abin da ke bayansa. Kada a yi wannan gwaji a babbar hanya.

Daga nan a ɗaga motar, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, a duba boris a daidaita shi yadda littafin motar ya ce. Sai ka kafa sukudireba a kan bulo, bakinsa dab da leɓen rim, ka juya ƙafar a hankali kana kallon tazarar. In tana buɗewa tana rufewa fiye da milimita ɗaya da rabi, rim ɗin ya karkace, kuma babu murfin da zai zauna a kansa. Sannan a cire ƙafar, a fitar da taya, a wanke rim ɗin ciki da waje. Inda ake neman tsaga shi ne kewayen ramukan noti, tsakanin rami da rami, da inda faifan tsakiya ya haɗu da zoben waje. Siririn layin tsatsa da ya fito daga rami ya miƙe, sau da yawa tsaga ce. Akwai tsohuwar dabara mai kyau: a shafa kananzir a wurin, a bar shi ya shiga, a goge tas, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana ta a jikin allin. Rim ɗin da ya tsage an gama da shi. Ba a yi masa walda a mayar, a nemi wani. Haka wanda tsatsa ta cinye wurin zaman taya, abin da ke yawan samun motar da ta yi shekaru a ajiye da ruwan damina a cikin tayoyinta.

Tunda taya tana waje, ka shafa cikin zoben da yatsa ka ji ko akwai ɗan tudu da ya kewaye shi kusa da inda gindin taya ke zama. Aikinsa hana taya zamewa ciki in iska ta ragu a kwana. Chrysler ta fara sa shi tun farkon shekarun 1940, sauran kamfanoni suka biyo baya a lokuta daban-daban, don haka kada ka ɗauka akwai, ka duba. In babu, radiyal marar tif a kan wannan rim ba abin sakin jiki ba ne.

Sai noti, kuma a nan ma ana ɓarna. Impala ta 1964 tana da kusoshi biyar a da'ira mai faɗin inci 4.75, wato milimita 120.65, kaurin kowace ƙusa inci 7/16, zare 20 a inci. Awon Amurka ne, ba na milimita ba. In noti ɗaya ya ɓata, mai faci yakan laluba gwangwaninsa ya ɗauko na milimita 12 mai zare 1.25, irin na Nissan. Zai shiga sumul, har ya yi kamar ya ɗauru, domin tazarar zaren kusan ɗaya ce. Amma ƙusarka milimita 11.1 ce, notin ya fi ta faɗi, bakin zaren kawai yake riƙe da shi. Ramin titi ɗaya mai kyau ya isa ya zare shi. Ka cire notocin ashirin ɗin nan ka jera su, duk wanda ya bambanta ka fitar da shi. Ka duba ramukan rim ɗin ma: bakinsu a gangare yake don ya karɓi kan noti, in ya buɗe ya zama kamar ƙwai ko notin yana nutsewa har ƙasa, rim ɗin ya daɗe yana tafiya a kwance. Wajen ɗaurewa a bi su a tsallake, ba a jere ba, da sifana mai awo, a bi adadin da littafin motar ya bayar. Ƙusa 7/16 ba ta son a wuce wajen Nm 100 a awon ƙarfin ɗaurin sifana, kuma yaron da ke sa bututu a sifana ya hau da ƙafa yana ninka hakan. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 80 a sake bi.

In ya zama dole a canza rim, kada wani ya kawo maka na BMW ya ce ai biyar-biyar ne. Nasu milimita 120 ne, naka 120.65. Zai shiga, amma kowane noti zai zauna a karkace yana jan ƙusarsa gefe, har wata rana ta karye. Abin da ya dace shi ne rim ɗin ƙarfe na Chevrolet mai inci 14, ko na asali mai lafiya, ko sabo da ake ƙerawa yanzu da ƙarfe mai kauri domin radiyal, mai leɓen da ke karɓar tsohon murfi. Wata hanyar ita ce a koma wa taya mai saƙar gicciye, wadda har yanzu kamfanoni irin su Coker ke yi domin tsofaffin motoci. Da ita yawon murfi yakan tsaya, sai dai riƙon hanya da birki ba za su kai na radiyal ba. Ga motar da ake hawa a titunanmu, na fi son radiyal a kan rim mai ƙarfi.

Masu Dodge, Plymouth da Chrysler da ke karanta wannan: har zuwa 1970 notocin ɓangaren hagu na motocinku a juye suke kwancewa, kuma akan buga harafin L a kan ƙusar. An karya kusoshi da yawa saboda rashin sanin wannan. Chevrolet ba ta da wannan matsala.

Sai bayan ƙafa ta tabbata lafiya ake taɓa murfin. Ka kifa shi a kan bargo, ka bi haƙoran da filaya kana ɗaga kowanne waje kamar milimita ɗaya, dukansu daidai wa daida. In ka ɗaga na gefe guda fiye da sauran, murfin zai zauna a karkace ya fi saurin fita. Haƙorin da bakinsa ya dakushe a ɗan goga masa fayil. Wanda ya karye ba a mayar da shi, maƙwabtansa za su ɗauki nauyin in ba su yi yawa ba. Ka duba cikin leɓen rim: in an yi masa fenti mai kauri lokacin da kuka tayar da motar, haƙoran fenti suke cizo ba ƙarfe ba, sai a kankare wannan layin da samfefa. Dalmar balansin da ake maƙalawa a leɓen waje ma tana hana murfi zama, ka ce a mayar da ita leɓen ciki. A sa bawul na ƙarfe mai noti maimakon na roba, mai tsawon da zai fito ta ramin murfin. Ba zai hana yawo ba in dalilin yana nan, amma ba ya yankuwa farat ɗaya. Wajen sawa a fara daidaita ramin bawul, a danna wannan gefen, a bi kewaye da tafin hannu ko gudumar roba. Ba a dukan tsakiya. Wajen cirewa a sa tsumma a ƙarƙashin ƙarfen, a ɗaga kaɗan-kaɗan a wurare uku ko huɗu. Yawancin lanƙwasar da ake gani a bakin tsofaffin murafai daga hannun masu faci ta fito, don haka ka riƙa cire abinka da kanka kafin ka miƙa motar.

Yanzu na huɗun da kake nema. Ka fara da sanin wace Impala ce gare ka, domin a 1964 murfin SS, wato samfurin Super Sport, daban yake da na sauran: nasa yana da abin ado mai ƙafa uku a tsakiya da tambarin SS. In motar ƙirar Amurka ce, lambar jikinta tana kan ɗan faranti a ginshiƙin ƙofar direba. Lambar farko 4 ce, shekarar ke nan. Biyun da ke biye su ne jinsi: 17 ko 18 Impala, 13 ko 14 Impala SS, 15 ko 16 Bel Air, 11 ko 12 Biscayne. Ka sani kuma shigar murfi ba hujja ba ce. Tun 1957 manyan motocin Chevrolet suka sauko daga inci 15 zuwa 14, don haka murfin 1959 ko 1962 zai hau ƙafarka daram, alhali zanensa daban ne, domin kusan kowace shekara sai sun canza shi. Ba mamaki ma ukun da ke hannunka ba na shekarar motar ba ne, in Baba ya taɓa canzawa. In haka ne, ni dai abin da ya bari nake ganin ya fi cancanta a cika, ba abin da littafi ya ce ba.

Hoton fuska kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Ka ce mai sayarwa ya turo hoton baya, da na haƙora daga kusa, da na murfin a kan sikeli, da tef a shimfiɗe a kansa. Kai kuma kana da abin da ya fi kowane kundi, wato uku na gaske a hannu. Ka auna nauyin naka, ka ƙirga ramuka da layukan zanensa, ka dubi yadda aka naɗe bakinsa, da yadda aka kafa tambarin tsakiya ta baya, da launin fentin da ke cikin lungunan. Na asali da aka yi amfani da shi bayansa yakan yi duhu da ƙurar birki, bakin haƙoransa da sheƙin gogayya. Wanda fuskarsa ta tsufa amma bayansa fes, ko wanda ya fi naka sauƙi a hannu ƙwarai, a yi hattara. Gwajin mayen ƙarfe da ake yawan faɗa ba abin dogaro ba ne: wani ƙarfe marar tsatsa yana kama shi, wani ba ya kamawa. Rashin lamba a baya ma ba ya nuna jabu, domin ba kowanne aka buga wa ba. 'Yan kasuwar Amurka suna amfani da lambobin kundin Hollander wajen bambance murafai, mai sayarwa na ƙwarai zai iya gaya maka lambar nasa. In ka ga an rubuta NOS, ana nufin kayan kamfani na wancan zamani da ba a taɓa ɗaurawa ba, kuma kuɗinsa ya fi na kowanne. Irin waɗannan kaya sun fi fitowa a eBay da manyan kasuwannin tsofaffin motoci kamar ta Hershey a jihar Pennsylvania, wadda ke ci duk watan Oktoba. In kana da ɗan'uwa a can, gara ya karɓa ya duba kafin a biya kuɗin jirgi.

Sabon ƙira da ake yi yanzu ba haramun ba ne, wasu ma da izinin General Motors ake yin su. Laifin a sayar maka da shi da sunan na asali ne. Shawarata ma ita ce, in ka samu saiti huɗu na sabon ƙira, ka riƙa hawa da su, na Baba kuma a ɗaura su ranar Sallah ko ɗaurin aure, a cikin gari, a hankali.

Wajen wanki kuma a kiyaye. Ruwa da sabulu mai laushi da tsumman auduga sun isa. Ban da toka, ban da yashi, ban da soson ƙarfe na wanke tukunya, ban da ruwan batir da wasu masu wankin mota ke zubawa don abu ya yi walƙiya nan take. Yawancin murafan wancan zamani ƙarfe marar tsatsa ne, wasu da ɗan siririn kurom a sama. In aka goge da ƙarfi kurom ɗin ya cinye a wuri ɗaya, sai launi ya rabu biyu, wani fari mai shuɗi-shuɗi wani mai ɗan rawaya, kuma ba ya gyaruwa sai an bi fuskar gaba ɗaya. Abin adon tsakiya kuwa sau da yawa narkakken tutiya ne da aka yi wa kurom. In ya yi ƙuraje, daga ciki suke fitowa, guga ba ta cire su, ƙara buɗe su take yi. Ƙaramar lotsawa ana fitar da ita ta baya da guntun katako mai santsi da bugu marar ƙarfi, murfin yana kife a kan buhun yashi, sannan a bi da samfefa ta ruwa daga 400 zuwa 600, 1000, 1500, kafin man gogewa. Kada a bari mai injin guga ya danna shi da ƙarfi: zafi yana karkatar da ƙarfe mai sirantaka haka, kuma injin yana iya fizge shi daga hannu.

In za ka ajiye su, kada ka ɗora ɗaya kan ɗaya haka nan, haƙoran na sama za su karce fuskar na ƙasa. A sa kwali a tsakani, ko a rataye kowanne daban a inda babu laima. Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowanne, ka yi masa wata 'yar alama da fenti ta ciki inda kai kaɗai ka sani, domin murafan tsofaffin motoci suna da masu so, kuma sukudireba ɗaya ya isa a raba ka da su a wurin biki.